Zan iya sa wa tsohuwar PlayStation cif da hannuna?

Tambaya: Yaya, daga Jos nake. Kawuna ya bar mini tsohuwar PlayStation ta farko, mai ruwan toka, an rubuta SCPH-7502 a ƙasanta. Tana kamawa, kuma tana karɓar faifan asali guda ɗaya da ya zo da ita, amma wanda na kwafa a kwamfuta ba ta karɓa, haka ma wani na Japan da abokina ya ara mini. An ce sai an sa mata cif. Ina da ayan na liƙa waya da nake ɗan gyaran caja da shi. Wane cif zan saya, kuma zan iya sawa da kaina ko sai na kai wa mai gyara?

Amsa: Za ka iya, ƙanena. Wayoyi shida ne, kuma wanda hannunsa ya faɗa ba ya wuni a kai. Amma cif shi ne abu na ƙarshe da za ka saya, ba na farko ba. Gem ɗin da ake kawo mini ana cewa cif ya ƙi aiki, galibi in na duba sai in tarar cif ɗin ras yake. Ko dai idon da ke karanta faifai ne ya tsufa, ko an ɗauki zanen liƙa wayoyi na wani fanel (allon kayan lantarki na cikin gem) an bi a kan wani, ko kuma ayan mai zafin tsiya ya ɗaye tagullar fanel. Bari in fara maka da abin da cif ɗin yake yi, don in ka gane shi, kai da kanka za ka riƙa gano bakin zaren duk matsalar da ta taso.

Mutane da yawa sun ɗauka baƙin bayan faifan PlayStation shi ne makullin. Ba shi ba ne, wannan rini ne kawai. Makullin yana can farkon faifai, kusa da ramin tsakiya, inda ido ke fara sauka kafin ya kai ga wasan kansa. A wurin Sony ta sa layin da ido ke bi ya riƙa ɗan karkacewa hagu da dama, kuma cikin wannan karkacewar aka ɓoye haruffa huɗu: SCEI ga faifan Japan, SCEA ga na Amurka, SCEE ga na Turai. Akwai wata 'yar IC a fanel mai kula da injin faifai, zamanta zaman maigadi ne a bakin ƙofa: in ba ta ji haruffan yankinta ba, ba ta buɗewa. Na'urar kwafa ta kwamfuta tana kwashe bayanan wasan tsaf, amma ba ta iya rubuta karkacewar, domin faifan CD-R tun daga masana'anta yake zuwa da nasa layin a zane. Shi ya sa kwafinka ya ƙi. Na Japan kuwa yana da haruffan, sai dai SCEI yake faɗa, gem ɗinka kuma SCEE take jira tunda ta Turai ce.

To aikin cif bai wuce ya faɗi haruffan da ake jira ba. Ƙaramar ƙwaƙwalwa ce mai ƙafa takwas, irin da ake kira maikurokontirola, an rubuta mata ɗan gajeren umarni ta aika haruffan nan huɗu a hankali, kimanin bit 250 a daƙiƙa, ta hanyar da saƙon ido ya saba bi. Riƙe wannan da kyau: haruffan da cif zai aika na yankin gem ne, ba na yankin faifai ba. Taka ta Turai ce, SCEE za a rubuta masa ko da faifan Japan za ka riƙa sawa kullum.

Cif ɗin farko, irin wanda aka cika gidajen gem da shi a shekarun 1990, mai waya huɗu ne, kuma ba ya yin shiru. Daga kunnawa har kashewa yana ta maimaita haruffan. Masu yin wasanni suka gano haka, daga ƙarshen 1998 suka fara ɗana tarko. Ana tsakiyar faifai, wurin da ko faifan asali ba shi da haruffan, sai wasan ya tambayi IC ɗin ko tana jin su. In ta ce tana ji, asiri ya tonu, sai allo ya tsaya cak da jan da'ira da gargaɗin cewa an taɓa na'urar. Spyro: Year of the Dragon na 2000, bugun Amurka, yana cikin waɗanda suka yi suna da wannan. Daga nan aka fito da cif mai laɓewa, wanda ke magana lokacin da ido yake farkon faifai kawai, sannan ya yi gum. Ƙarin wayoyin da za ka gani a cif na yanzu na sauraro ne, da su yake sanin inda ido yake. Kar ka bari a lallaɓe ka da mai waya huɗu wai ya fi sauƙin sawa. Bambancin waya biyu ne kacal.

Lambar da ka karanto ta taimaka ƙwarai. Adadin ƙarshe shi ke faɗin yanki: 0 Japan, 1 Amurka, 2 Turai da sauran ƙasashe masu tsarin talabijin na PAL. Ka yi sa'a ta wuri biyu. Wutar ta Turai bolt 220 zuwa 240 ce, daidai da tamu. Wanda ya tsinci mai ƙarewa da 1 ko 0 a gwanjo ya soka ta a bango babu sitefdawun, ƙara ɗaya zai ji sai ƙauri, domin ta Amurka 120 take so, ta Japan 100. Sa'a ta biyu kuma, manyan masu ruwan toka na Turai ba su da makulli na biyu. 'Yar ƙaramar PSone ta Turai, SCPH-102, wadda ta fito a 2000, da yawancin na Japan, suna da wani binciken daban a cikin BIOS, wato manhajar da ke tayar da gem, kuma kauce masa sai da ƙarin wayoyi zuwa ƙafafun IC masu ƙanƙantar gaske. Wannan bai shafe ka ba.

Sai dai ba lambar waje ake bi wajen aiki ba, ta fanel ake bi. Na farko-farko, su SCPH-1002, PU-7 ko PU-8 ne a cikinsu. Masu lamba 550 da wani abu PU-18, masu 700 PU-20, masu 750 irin taka PU-22, masu 900 PU-23, PSone kuma PM-41. Taka ya kamata ta zama PU-22. Na ce ya kamata, domin na'urar da aka ƙera wajen 1998 zuwa 1999, ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, ba abin mamaki ba ne an taɓa musanya mata gida ko fanel. Sai ka buɗe ka karanta da idonka, an buga lambar ɓaro-ɓaro a jikin fanel. Kana buɗewa ma kana iya cin karo da wani tsohon cif a naɗe cikin salatif da waya ɗaya a tsinke, ba sabon abu ba ne a gem ɗin da ta taɓa zama a gidan gem.

Abin da ya sa nake matsa maka a kan lambar fanel, bambancin ba na wurin liƙa waya kaɗai ba ne. Daga PU-20 zuwa baya, saƙon karkacewar yana isowa a fassare, cif sai ya toshe na asali ya zuba nasa. Daga PU-22 Sony ta mayar da fassarar cikin babbar IC, dole cif ya kwaikwayi karkacewar da kanta, yana aron wani bugu na fanel da ake kira WFCK. Saboda haka zanen PU-18, wanda ya fi yawo a intanet, ba zai yi maka amfani ba, yana ma iya ja maka asara. Ka nemi wanda aka rubuta PU-22 a kai, kuma na irin cif ɗin da ka zaɓa, ka sa shi kusa da fanel ɗinka ka tabbatar hoton da abin da ke gabanka sun yi daidai ɗigo da ɗigo.

Kafin ka fitar da ko sisi, gwada ido. Faifan CD-R ba ya mayar da haske kamar wanda aka buga a masana'anta, don haka idon da ke karanta na asali da ƙyar ba zai karanta kwafi ba ko cif goma ka jera masa. Gwajin ba shi da wuya. PlayStation tana kunna faifan sauti ba tare da ta nemi haruffan yanki ba. Ka samu CD-R ka kwafa masa karatu ko wa'azi ko waƙa a matsayin faifan sauti, irin wanda rediyon mota ke karɓa, ba fayilolin MP3 ba. Ka cika shi, ka sa a gem, ka saurara daga na farko, ka tsallaka na tsakiya, ka je na ƙarshe. In ya tafi sumul, idonka yana ganin CD-R, sai mu ci gaba. In yana tsalle, ko kana jin ido yana ta ƙas-ƙas yana neman layi, to aikinka na ido ne tukuna. Ka goge gilashinsa da auduga da ɗan sifirit, a hankali kamar ba ka so, don a kan siraran wayoyi yake reto. Ka share busasshen man da ke kan dogon da yake zamewa, ka sa sabo ɗan kaɗan. Ka duba baƙin faifan da ke riƙe CD a tsakiya, yana yawan tsagewa, sai faifai ya riƙa rawa. Ƙurar hunturu ta Jos kaɗai ta isa ta sa a yi wa lafiyayyen ido hukuncin mutuwa.

Akwai ɗan sukuru a jikin idon da ake murɗawa a ƙara masa ƙarfi, kuma shi masu gaggawa ke fara kai wa hannu. Kar ka taɓa shi sai komai ya ƙi. Yana sa ido ya yi gani na ɗan lokaci, sannan ya ƙone gaba ɗaya. In sauyawa ta kama, lambar injin tana jikinsa, a irin taka KSM-440AEM za ka gani. Sababbin da ake sayarwa yanzu ba na Sony ba ne, tun 2006 ta daina ƙera wannan na'ura, kuma ingancinsu sai wanda ka samu. Ni na fi yarda da wanda aka ciro daga wata gem ɗin da wutarta ta ƙone. CD-RW kuwa kar ka ɓata kuɗinka, ba ta karanta shi.

Mu zo kan cif. Hanya biyu ce a gabanka. Ta farko ita ce tsohuwar hanya, PIC na kamfanin Microchip, 12C508 ko 12F508. Mai harafin C sau ɗaya ake rubuta shi, in an yi kuskure sai shara. Mai F ana gogewa a sake. Umarnin da ake zuba musu biyu ne suka shahara, MM3 da Mayumi v4. MM3 da agogon cikin cif yake ƙirga lokaci, Mayumi kuwa daga fanel yake jan agogo, ya fi daidaito amma yana son gajeriyar waya a wurin, in ta yi tsawo sai gem ta riƙa rikicewa. Kowannensu yana da fayil uku, na Japan da na Amurka da na Turai, kuma a nan masu sayen wanda aka riga aka rubuta suke faɗawa rami: a turo maka na Amurka, ka sa a gem ɗin Turai, ka kwana kana zargin hannunka.

Hanya ta biyu ita ce PsNee, manhaja ce ta kyauta da kowa ke iya saukewa ya karanta abin da ke cikinta, tana hawa kan cif mai suna ATtiny85 ko ɗan ƙaramin fanel mai suna Arduino Pro Mini. Ita nake ba ka shawara. Tana karanta bayanin matsayi da ke fitowa daga faifan kansa, don haka ba zato take yi ba, ta san lokacin da ido yake farkon faifai, kuma da kanta take gane ko tsohon fanel ne ko sabo. Wayoyinta a ATtiny85 shida: wuta, giraun (wato gefen negatif), SQCK da SUBQ na sauraro, sai DATA da WFCK na magana. In Pro Mini za ka saya, ka nemi mai bolt 3.3 da agogo 8 MHz, domin wannan ɓangaren na fanel a kan kimanin bolt 3.5 yake aiki, bai kamata a riƙa watsa masa 5 ba. In ba ka samu a shagunan kayan lantarki na wajen Terminus da Ahmadu Bello Way ba, sai oda ta intanet, kuma ka sayi biyu ko uku, ba su da tsada kuma akwai jabu a kasuwa.

Wani abu da ya kashe cif da yawa: ƙafafun wutar PIC da na ATtiny ba ɗaya ba ne, alhali a ido kamar tagwaye suke. A PIC, ƙafa ta 1 ce wuta, ta 8 giraun. A ATtiny85, ta 8 ce wuta, ta 4 giraun. Wanda ya bi zanen MM3 da ATtiny a hannu ya kai ƙafar wuta giraun ke nan. Ƙafa ta 1 ita ce kusa da ɗan ɗigon da ke saman cif, daga ita ake ƙirgawa a gangara gefen, a tsallaka, a hauro ɗaya gefen.

Rubuta ATtiny ba ya buƙatar wata babbar na'ura. USBasp ta isa, ko Arduino Uno da aka mayar na'urar rubutu, kuma duk ɗalibin injiniyan lantarki ko na kwamfuta da ya yi aikin kammala karatu zai iya ara maka ɗaya. A cikin fayil ɗin ka zaɓi samfurin gem ɗinka ko yankinta kafin ka tura. Sai abin da kusan kowa ke mantawa: sabon ATtiny85 daga masana'anta a kan 1 MHz yake gudu, saboda an saita shi ya raba agogonsa na 8 MHz gida takwas. PsNee kuma 8 take so. In ba ka sauya wannan saitin ba, rubutun zai shiga lafiya, kwamfuta ta ce an gama, amma cif zai riƙa magana da nawa ninki takwas, babu mai gane shi. A manhajar Arduino, ka zaɓi agogon ciki na 8 MHz, ka danna Burn Bootloader sau ɗaya, sannan ka tura PsNee.

Yanzu ayan ɗinka. In irin mai kai kamar ƙusa ne, wanda ake sokawa a bango ya yi ta zafi babu iyaka, bar shi wa caja. Wuraren da za ka liƙa waya a PU-22 ba su kai ƙwayar gero ba, kuma tagullar da ke wurin siririya ce, gam ne kawai ke riƙe da ita a jikin fanel. Zafi ya yi yawa, ko ka daɗe a kai, sai ta ɗago ta biyo bakin ayan. Ka nemi mai saitin zafi da siririn baki, ka ajiye shi tsakanin digiri 320 da 350. Akwai ƙanana na zamani, irin su Pinecil da TS100, masu aiki da batir ko babban fawabank, kuma a wurinmu wannan ba ado ba ne, don babu abin haushi kamar a ɗauke wuta kana tsakiyar ƙafa ta uku. Dabarar ɗora ayan a kan risho kuwa a bar ta wa gyaran tocila.

Dalma ka sayi siririya, wadda aka rubuta 60/40 a jikin naɗinta, wato kashi 60 kuza, sauran dalma zalla. Kuzar nan da aka yi ta haƙa a tsaunukanku tun farkon ƙarni na 20, irin aikin da take yi a duniya ke nan. Tana narkewa wajen digiri 190, wadda ba ta da dalma kuwa sai ta haura 217, ga taurin kai a hannun ɗan koyo. Ka wanke hannu bayan aiki, kar ka ci abinci a teburin. Sai man liƙi, wanda masu gyaran waya ke kira fulos, shi ne rabin aikin. Waya kuma siririya mai lamba 30 AWG, ko irin jamfar da masu gyaran waya ke amfani da ita. Sai mitar auna wuta, da hantsaki, da gilashin ƙara girma ko kyamarar wayarka.

Kafin ka taɓa gem, nemi mataccen fanel na tsohuwar DVD ko rediyo, ka liƙa waya a ƙananan wurarensa har sai ka daina jin hannunka na rawa. Kuma tunda a Jos kake, ka kula da lokacin hunturu. Busasshiyar iska da rigar sanyi ta ulu suna tara wa jiki wutar nan da ke ɗan tsikarinka in ka taɓa ƙofar mota. Kai tsikari kawai ka ji, IC kuwa tana iya mutuwa da shi. Cire rigar, ka yi aiki a teburin katako ba a kan bargo ko kafet ba, ka riƙa taɓa ƙarfen taga kafin ka ɗauki fanel.

Buɗewa ba ta da wuya. Zare wayar wuta daga bango, ka danna makunnin gem ɗin don sauran wutar ta zube, ka kwance sukurorin ƙasa, ka ɗaga murfi. Dogon fanel ɗin da ke gefen hagu na wuta ne, akwai babbar kafasita a kansa da ke riƙe wuta ko bayan an zare, kar yatsanka ya je wurin. Injin faifai a kan ƙafafun roba yake zaune kawai, ka zare wayoyinsa biyu a miƙe, musamman mai faɗin nan kamar leda, kar ka karkata ta. Sai farantin ƙarfe, sai fanel. Ɗauki hoto a kowane mataki.

Ga yadda ake liƙa waya ɗaya. Ka yanke ta daidai tsawon da ake buƙata, ka feɗe bakinta kamar milimita ɗaya ko biyu, kar ya fi haka. Ka shafa wa bakin dalma tukuna har ya yi fari. Ka ɗiga fulos a wurin da za ta zauna, ka taɓa wurin da ayan mai ɗan dalma a baki, za ka ga ɗan tudu mai sheƙi ya tashi. Sai ka kwantar da wayar a kan tudun da hantsaki, ka taɓa da ayan, ka ƙirga ɗaya, biyu, ka ɗaga ayan amma hantsakin ya tsaya har sheƙin ya ɗan dushe. In bai kama ba, kar ka danna, kar ka daɗe. Bar wurin ya huce, ƙara fulos, sake. Liƙi mai kyau santsi gare shi kamar ɗigon ruwa. Wanda ya yi dunƙule ko ya yi gari-gari bai kama ba, ko da ka ja ka ji kamar ya riƙe. Kana gama kowace waya ka mayar da mita wurin ƙara, ka taɓa ƙafar cif da inda wayar ta sauka, ya kamata ta yi ƙara. Ka taɓa wurin da maƙwabcinsa, bai kamata ta yi ba. A ƙarshe ka auna tsakanin wuta da giraun, in ta yi ƙara mai ɗorewa kar ka kunna, akwai inda dalma ta haɗe.

Wayoyin su zama gajeru, a kwance a jikin fanel, nesa da ramukan sukuru. Ka naɗe cif ɗin yadda ƙafafunsa ba za su taɓa farantin ƙarfe ba, ka manne shi da salatif mai gam biyu. Kar ka zuba masa narkakken gam a kan wuraren liƙi, ranar da waya ta tsinke mai gyara zai yi ta tsine maka.

Wajen gwaji ka mayar da murfin sama ko da ba ka ɗaure ba, saboda fanel ɗin wuta a buɗe yake, kuma hasken ido ba a ganinsa amma yana illa. Fara da faifan asali. In ya tashi kamar da, ba ka ɓata komai ba. Sai kwafi. Farin allo zai fito da tambarin Sony mai ruwan lemo, daga nan ka zuba ido. In baƙin allo mai tambarin PlayStation ya biyo baya, cif ya gama aikinsa, za ka ma ga SCEE a rubuce a ƙasa ko da faifan Japan ne. Duk abin da ya faru bayan wannan allon, ko tsayawa ko sarƙewar bidiyo, laifin ido ne ko na kwafi, kar ka sake taɓa wayoyin. In kuwa ta wuce da kai allon memori da na kunna CD, to cif bai yi magana ba, ko ya yi ba a gane ba: auna ko wuta na isa ƙafarsa, ka tuna zancen 8 MHz, ka tuna yanki, ka duba ko ka musanya SQCK da SUBQ. In har na asalin ma ya daina tashi, cire DATA da WFCK ka gwada, in ya dawo to wurinsu ka kuskure. In gem ta mutu ɗungurungum ko hannun wasa ya daina amsawa, akwai ƙananan fis a fanel masu lamba da ke farawa da PS6, ka bi su da mita, mai yiwuwa ɗaya ya tsinke ya ceci sauran.

Abu biyu cif ba zai gyara maka ba, gara ka sani tun yanzu. Faifan Japan da na Amurka na tsarin talabijin na NTSC ne, gem ɗinka kuma ta tsarin PAL. Winning Eleven ɗin da muka tashi da shi a gidajen gem bugun Japan ne, kuma a talabijin da yawa, ta wayar nan mai kai rawaya, baƙi da fari zai fito. Ba cif ba ne. Maganinsa wayar RGB mai kan SCART, kuma tsofaffin talabijin na gwanjo daga Turai galibi suna da wannan faffaɗar kafar a baya. Na biyu, wasu wasannin Turai daga 1998 suna da wata kariyar daban mai suna LibCrypt, a ɓoye cikin bayanan gefe na faifai. Kwafin da bai ɗauko wannan ɓangaren ba zai tashi lafiya, sai an yi nisa ya sarƙe. Irin waɗannan sai a kwafe su da manhajar da ke ɗaukar bayanan gefen, kamar CloneCD. Kwafi kuma ka riƙa yinsa a gudu mafi ƙanƙanta da na'urarka ta yarda da shi, a faifai mai kyau.

Ta fuskar doka, ƙasashe sun sha bamban. Wata kotu a Ingila ta haramta sayar da irin wannan cif a 2004, babbar kotun Ostareliya kuma ta ba mai sawa gaskiya a 2005. A nan gida, dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, tana da sashe a kan kauce wa makullan fasaha. Ka adana faifanka na asali ka yi wasa da kwafinsa, ko ka kunna na Japan da aka saya da kuɗi, wannan daban yake da buɗe teburin sayar da kwafi, kuma na biyun ba na ba ka shawararsa.

In ka yi gwaji a mataccen fanel ka ga hannunka bai zauna ba, akwai hanyar da ba ta buƙatar ayan. Tun 2021 akwai FreePSXBoot, wadda ake rubutawa a katin memori ta buɗe injin faifai na gem ɗin Turai da na Amurka, sai dai katin ya tashi daga na ajiye wasa, kuma kowace kunnawa sai ka bi ta allon memori. Akwai kuma na'urorin da ke maye gurbin faifai da katin SD, amma XStation ba ta hawa PU-22, PSIO kuma da ke shiga kafar baya ita ma sai an yi mata liƙi a ciki. In mai gyara za ka kai wa, nemi mai gyaran wayar hannu wanda ke aiki da madubin ƙara girma, ba mai gyaran fanka ba. Ka je masa da cif a rubuce, da zanen PU-22 a wayarka, da faifan asali da kwafi don a gwada a gabanka, kuma ka ce masa da ayan zai yi, kar ya kunna bindigar iska mai zafi a kan fanel ɗin.